Sawun da Kika Goge

Zuwa ga Tuulikki, fitilar tagata a watan da rana ke yaji, garwashin murhuna, wadda nake so kamar in haɗiye ta, yau kuma nake jin haushinta kamar in fashe.

Ban gaishe ki ba, kuma da gangan na yi. Jiya na zo Oulu kallon hotunanki da aka rataye wa jama'a. Na sa kwat ɗin nan da kike cewa tana mayar da ni mutum, har fure na saya. Yana nan a kujerar bayan mota, sanyi ya ƙone shi.

Shekara nawa nake jan ki a tsohuwar motata muna farautar dajin bishiyar koibu don ki ɗauki hoto? Ke kuma ba kowane daji ke yi miki ba. Sai bishiyoyi farare tas, sirara, masu baƙin zane a jiki, tsaye cikin dusar ƙanƙarar da ko zomo bai taka ba. Wa ke bin masu yankan katako yana roƙon kwatance? Wa ke haƙo taya in mota ta kafe? Wa ke ɗumama batirin kyamara a hammatarsa kamar kaza a kan ƙwai? Duk inda muka isa kuwa, waƙar ɗaya ce: "Aarne, bi bayana, taka inda na taka." "Aarne, matsa, kana cikin hoto." Na matsa. Na yi ta matsawa har na iya tafiya a gefen rayuwarki da sanɗa, ban taɓa cewa uffan ba.

Saboda ina da rana ɗaya da nake riƙe da ita. Kin tuna bakin tafkin nan na bayan Suomussalmi? Kin cire safar hannu kina gyara kyamara har yatsunki suka sandare. Ina tsaye can nesa inda kika ajiye ni. Sai ga ki kin karya dokarki da kanki, kin keto sabuwar dusa a guje kina faɗuwa kina tashi, ni ma na taho, muka haɗu a tsakiyar bishiyoyin. Kika cusa hannuwanki cikin rigata kika ce, "Kai dai murhu ne. Ka aure ni mana in huta." Da muka koma, kika juya kika ɗauki hoton wurin: sawu biyu, kowanne daga nasa gefen, sun haɗe a tsakiya. Kika ce wannan namu ne.

Shi na tarar jiya, ya cika bango. Bishiyoyin suna nan, jan hasken rana na wannan yinin yana nan, ƙasa kuwa sumul kamar sabon zanen gado. Wata dattijuwa a kusa da ni har da dafe ƙirji, wai wurin nan ɗan Adam bai taɓa taka shi ba. Da na tambaye ki, ko kofin hannunki ba ki ajiye ba. Kika ce, "Haba Aarne, sawu ai ƙazanta ne a hoto. Nan da nan na goge shi a kwamfuta."

Ƙazanta! Ashe ranar da na fi so a duniya datti ce da ake sharewa kafin baƙi su iso? Ya ke sanyin idona, kin ci mini mutunci, kuma ko sani ba ki yi ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai.

To ki saurara. Na samo dajin da kike mafarki, wani tsohon mai kiwon barewa ne ya nuna mini shi. An ce dusa za ta sauka ranar Juma'a. Asabar da safe zan aiko miki da kwatance, amma ni zan riga ki isa. Zan tattake shi ciki da bai, in hura wuta, in ɗora kofi, in tsaya a tsakiya da jar hular nan da kika tsana. Duk ta inda kika juya kyamara, ni za ki gani.

In kika ɗauka da ni a ciki, zobe yana aljihuna. In kuma kika ce in matsa, zan matsa, wannan karon har inda kyamararki ba ta hangowa. Ko a can ɗin ma ke zan ci gaba da so har ƙasa ta rufe idona, don na gwada goge ki a daren jiya, ni ban iya ba.

Naki, mai fushi da ke, wanda ba shi da wata sai ke,
Aarne