Man Ja da Gwangwanin Madara

Laraba da dare, Yuli 1994, Kafanchan

Yau ma kwamfuta ta ba ni wata amsa dabam. Aikin digirina bai wuce in lissafa yadda ruwa mai tafiya a hankali ke zagaye bututu ba, da ƙarfin da yake tura shi. Amma duk sanda na nesanta iyakar da na shata wa ruwan a lissafin, sai amsar ta ragu. Na ƙara nisa, ta sake raguwa. Na ƙara kuma, kwamfutar ta ce lissafin ya fi ƙarfinta. Ita kaɗai gare mu a makaranta, ga shi ranar Litinin Farfesan da ke duba aikina yana jirana a Zariya.

Na dawo gida kaina ya ɗau zafi. Na juye man ja a tire, na tsayar da gwangwanin madara a tsakiya a matsayin bututun, ina jansa sannu-sannu. Har can bakin tiren man yana motsi.

Mama ta leƙo. "Rifkatu, man da na sayo a Kagoro ne kike wa gwangwani wanka da shi?"

"Karatu ne, Mama."

"To, gobe karatun ya yi mana miya."

Ban iya dariya ba. In motsin yana kaiwa gefe komai faɗin tiren, ke nan ba lissafina ne ya karkace ba, halin ruwan ne haka, babu wata tsayayyar amsa. Wace amsa zan kai wa Farfesa?

Tun da nake ban taɓa roƙon Ubangiji ya sa ni ce na yi kuskure ba sai yau. Kuskure dai ana iya gyara shi kafin Litinin.