Inna Ta Koma Kango

Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zafin Jidda? Ya Maryama da yara? Mu nan lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Tun da ruwa ya rushe ɗakin Inna take wurina. Ran Talata 'yan lajna, kwamitin nan na rabon gidaje, suka zo daga garin Damazin rubuta sunayen waɗanda za a bai wa gidajen hukuma. Da suka tarar da ita a ɗakina, babbansu ya ce, "Hajja, mai rufi a kansa ba ya cikin waɗanda muke nema." Wato laifi na yi da na ɗauko uwata!

Washegari ta naɗe tabarmarta ta koma kangon, ta kafa rumfa da ledar mushamma jikin bangon da ya rage, wai nan za su same ta in sun dawo. Yau kwana shida. Tana tari, bangon ya tsage, ga hadari kullum. Na roƙe ta har da kuka, ta ce, "Ba zan tsufa a gidan suruki ba."

Ka gaida kowa, ku sa mu a addu'a. Amma don Allah ka kira ta yau, maganarka take ji. Gida muke nema mata, Yaya, ba kabari ba.

Ƙanwarka,
Hawwa