Sallamar Mero

Talata, 8 ga Agusta, 1989

Likita ya sallami Mero da safe. Akawu bai sallame ta ba.

Naira dubu huɗu da ɗari takwas da sittin, aikin cire ƙari da kwana tara. Na karanta takardar sau uku, yadda nake karanta jarrabawar ɗalibin da nake so ya ci. Albashina ɗari biyar da ashirin. Abin da ke hannuna, har da wanda 'yan dubiya suka cusa ƙarƙashin matashinta, dubu ɗaya da ɗari tara.

Luka, akawun asibitin, mutum ne mai ladabi. Cikin ladabi ya ce mara lafiya ba ta fita sai an biya. Cikin ladabi ya ƙara da cewa ɗakin naira sittin ne kowane kwana. Alhaji yake ce mini. Ni da iyakata Kano.

Laraba, 9 ga Agusta

Bari in rubuta gaskiya, tunda ba mai karantawa. Ranar da jini ya ɓalle wa matar tawa ina wajen ɗaurin aure, cikin shaddar da ba ni da ta biyunta. Abokina Sanda ɗan kwangila ya kwaso mu a marsandinsa zuwa wannan asibitin kuɗi. Na shiga da Turanci. Aka tambaye ni: babban ɗaki ko na musamman? Sanda na tsaye, direbansa na tsaye. Na ce na musamman. Ban tambayi nawa ba. Matarka na kwance, ka tsaya tambayar farashi a gaban abokinka?

Shekara ashirin ina koyar da tarihi, ina bayyana wa yara yadda dauloli suka faɗi. Tawa a bakin kantar asibiti ta faɗi, cikin minti ɗaya.

Sanda ya zo jiya da kwalin lemo. Ban nuna masa takardar ba.

Na rubuta wa mai asibitin, Dakta Maliki, wasiƙa shafi uku da Turanci mai kyau. Akwai jimla ɗaya a shafi na biyu da har yanzu nake alfahari da ita.

Alhamis, 10 ga Agusta

Ba amsa. Sittin ta ƙaru.

Juma'a, 11 ga Agusta

Tun Talata kayan Mero a ɗaure suke. Da safe takan yi wanka, ta yafa mayafi, ta zauna bakin gado tana kallon ƙofa. Yau ta taka zuwa wajen mai kosai a bakin titi, maigadi ya tare ta. A gaban mutane. Ba ta faɗa mini ba, yayarta ce ta faɗa.

Luka ya ce wasiƙata tana kan teburin likita. Sai ya rage murya: in Alhaji yana da takardar fili ko ta gida, ana ajiyewa, Hajiya ta tafi yau. Wanda bai fanshi tasa cikin wata uku ba, to.

Filin Katabu ne kaɗai, rabin kuɗinsa ma adashin Mero ne. Da na gaya mata sai ta ce, “Malam, in ka ba su takardar nan, ka bar ni a nan ɗin, don ba ni da inda za ni.”

Asabar, 12 ga Agusta

Yaya Hansai, yayar Mero, ita ke jinya tun ranar farko. Ta bar rumfarta ta atamfa a Babbar Kasuwa a hannun maƙwabciya. Ba ta karatun boko, kuma tun aurenmu take duban littattafaina kamar wata cuta da ƙanwarta ta haƙura da ita.

Yau ta ce in karanta mata takardar layi-layi. Na karanta, da muryar da nake karanta wa 'yan aji ɗaya. Da na zo kan ƙarin ruwa, gora ashirin da shida, ta ce, “Tsaya.” Ta jawo jakar bakko daga ƙarƙashin gado. Kowace gorar da aka ƙarar ta ajiye, wai za ta wanke ta zuba kananzir. Muka ƙirga. Goma sha ɗaya.

Na ji kamar an ba ni bindiga.

Litinin, 14 ga Agusta

Na zazzage gorunan a kan teburin Luka, mutane na layi. Na yi jawabi. Na ambaci amana, na ambaci kotu, ina jin har jarida na ambata. Kalmar sata ba ta fito daga bakina ba, amma kowa ya ji ta.

Luka bai ɗaga murya ba. Ya soke gora goma sha biyar, naira ɗari biyu da saba'in. Ya ce shi abin da nas ta rubuta a kati yake kwafewa. Ya aika aka kira nas ɗin.

Rifkatu ce. Wadda ta riƙe hannun Mero har aka shigar da ita ɗakin tiyata. Ta ce a makon tiyatar ita kaɗai ce kan ɗakuna takwas, wataƙila na maƙwabcin ɗaki ta haɗa. An ce za a cire a albashinta. Ta wuce ni a baranda ba ta ɗago ba.

Na ci nasarar ɗari biyu da saba'in. Kwanakin da na yi ina shirya yaƙin sun ci ɗari uku da sittin.

Talata, 15 ga Agusta

Yaya Hansai ba ta yi mini sannu ba sai da ta gama ba Mero kunu.

Abin da na riƙe cikin maganarta: “Malam, na nuna maka gorunan ne don ka samu bakin fara magana, ba don ka rufe ta ba. Wanda ka kunyata a gaban jama'a, da wane ido zai rage maka? A rumfata mai kushe kaya ba ya samun ragi. Wanda ya kwance bakin zani ya ce ga abin da ke gare ni, shi nake duba.”

Na ce asibiti ba kasuwa ba ne. Ta ce, “To me ya sa suka yi maka farashin mai marsandi?”

Mero ta juya ta fuskanci bango. Ta rame fiye da ranar tiyata.

Na ɗauko takardar filin daga akwati. Na mayar. Na sake ɗaukowa.

Laraba, 16 ga Agusta

Na sa kaftanin da nake zuwa aji da shi. Takardar albashi a aljihun dama, ta fili a na hagu. Awa uku a benci kafin Dakta Maliki ya gama ganin marasa lafiya.

Wasiƙata na kan tebur, kofin shayi a kanta. Ya fara da Turanci. Na amsa da Hausa. Na ajiye takardar albashi na ce, “Likita, ba ni da shi. Dubu ɗaya da ɗari tara ce ƙarfina.” 

Ya daɗe yana duba takardar. Ya ce, “Motar ba taka ba ce?” Na ce kekena ma ba birki.

Bai yi dariya ba. Ya ce wasiƙar ta sa ya ɗauka lauya zan kawo, shi ya sa ya yi shiru yana jira. Ya ɗauki biro. Ɗaki ya koma kuɗin babban ɗaki. Kwana takwas na zaman jira ya soke. Ya rage wani abu a kuɗin hannunsa, yana cewa shi ma maganin sa barci da dala ake shigo da shi, gaskiya ne kuwa. Dubu uku da ɗari biyu. In ba da abin da ke hannuna, saura ɗari-ɗari duk wata.

Na roƙe shi kada a taɓa albashin Rifkatu. Ya ce zai duba. Ban san ko zai duba ba.

Aljihun hagu bai buɗe ba.

Alhamis, 17 ga Agusta

Mero tana gida. A tasi muka dawo Badarawa, Yaya Hansai a gaba da jakar gorunanta. Mero ta yi barci tun azahar har magariba.

Asabar, 26 ga Agusta

Ruwa tun safe. Ayuba malamin lissafi ya zo a jiƙe, ya gaida Mero daga bakin ƙofa, ya zauna yana juya hula. Can ya tambaye ni nawa abin ya ci. Na faɗa masa, har da ɗari-ɗarin, har da wata goma sha uku. Sai ya ciro ambulan, wai malamai ne suka haɗa, kuma sun yi ta muhawara kan wanda zai kawo, don an san halina.

Na karɓa. Na ce na gode. Ya jira sauran maganar, ba ta zo ba.

Ina jin ruwan ne. Ba a tsayar da mutum gardama yana jiƙe.