Kason Zulai

Unguwar Dosa, Kaduna.

Zuwa ga Mama,

Assalamu alaikum, Mama. Ina gaishe ki, duk da na san ba za ki amsa ba. Takardar nan ma ba za ta kai gare ki ba, in na gama ninke ta zan yi in tura ƙasan akwati. Amma wata bakwai ke nan da muka rabu, kuma akwai maganar da ta tokare mini ƙirji, wadda ban iya faɗa miki ba kina da rai.

Kowa lafiya. Yaran nan uku suna makaranta, babansu yana gaishe ki da addu'a kullum. Gidanki na Unguwar Kanawa mun sa haya a ɗakunan waje, naki ɗakin kuwa na rufe, mabuɗin yana hannuna. Su Hajiya Talatu, abokan sayayyarki, har yanzu suna haɗa kuɗi ƙarshen wata su sayi buhu su raba. Sun ce tun da kika tafi rabon bai taɓa ƙarewa ba tare da ƙorafi ba.

Maganar Zulai ce ta sa na ɗauki biro.

Ina da shekara goma kika shigo da ita gidanmu, ranar da aka binne mahaifiyarta, Bazamfarar nan mai ƙosai ta bakin layinmu. Kika ce mini ga ƙanwa na samu. Na ba ta rabin katifata, na ba ta tsofaffin kayana, ban ji komai ba. Abin ya fara cina ne a hankali. Ita kina kiran sunanta har da ja, ni kuwa sai dai ki ce Yayarsu. Ita kina kama kanta ki yi mata kitso a cinyarki, ni kina ba ni kuɗi in je gidan mai kitso. Na sani, Mama, za a ce kunyar 'yar fari ce, haka aka yi miki, haka kika taras. Na fahimci wannan da kaina, amma zuciyata ba ta taɓa fahimta ba.

Da aka aurar da ita ga Malam Sani, aka tura shi koyarwa Tudun Marke, na ɗauka yanzu kin zama tawa ni kaɗai. Ashe lokacin ne za ta fi cika gidan. Kin je kin ga garin sau ɗaya, kika dawo kwana uku ba ki da wata hira. A wuce Rigachikun, a sauka daga kwalta, a yi ta tafiya cikin gonaki har sai an tsallake rafi. Ba kasuwa, sai mai tebur guda ɗaya da ke sayar da gishiri da magi a kan farashin da ya ga dama. Mota ɗaya ce ke shiga, a-kori-kurar Malam Lawal Bakatsine, ita ma sau ɗaya a mako. Tun daga ranar kika ɗaura ɗamarar cewa Zulai ba za ta ci tuwo da miya lami ba kina raye.

Shekara takwas, Mama. Duk Talatar ƙarshen wata ina neman izini a ofis in bi ki kasuwar Kawo. Ke kike riƙe da takardar lissafi, ni nake ciniki, ni nake bin mai baro, ni nake shan rana. Kina da dokokinki da ba a taɓawa. Ba a sayen hatsi sai da kaka. Ba a taya tumatir da safe, sai la'asar ta yi sanyi masu kaya sun fara tunanin komawa gida. Manja a jarka ake saye, a ɗanɗana kafin a biya. Sabulu a sayi sanda, a yanyanka, a bar shi ya bushe don kada ya narke da wuri. Da ɗan fanshonki na tsohuwar mai buga takardu a ma'aikata kike yin abin da masu manyan albashi suka kasa.

In mun dawo gida sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, su Hajiya Talatu su zauna, a farke buhu. Kowa a auna masa nasa a share bakin mudu. In an zo kan naki kuwa, sai ki raba shi biyu, babban ki ce na Zulai ne. Ki tsince mata wake da hannunki, ki zuba busasshen barkono a ciki saboda ƙwari. Ki ɗure mata man gyaɗa, ki naɗe bakin kwalbar da leda. Daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, ashana, har allura da zare. Kina ɗaure buhun kina magana ke kaɗai, kina cewa can ba a samun wannan, can ba a samun wancan. Ni ina tsaye a kanki, ƙafafuna duk ƙurar kasuwa. Ko sau ɗaya kin ɗago kin tambaye ni me ya ƙare a nawa gidan?

Akwai shekarar da aka riƙe albashin mijina wata huɗu. Ban faɗa miki ba, ina jira ki gani da kanki. Na rame, na daina sa turare, na sayar da 'yan kunnena. Ba ki gani ba. Amma kin lura cewa muryar Zulai ta canja a waya, kika ce mura ce, kika sa na koma kasuwa neman citta da kanumfari.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A wannan watan, da na kai kayanta tashar Kawo, kafin Malam Lawal ya zo na kwance bakin buhun. Na ɗebi shinkafa mudu biyu, na zare kwalbar man gyaɗa, na mayar na ɗaure irin ɗaurinki. Zan iya cewa yunwa ce ta sa, amma ƙarya zan yi. So nake in ci abin da hannunki ya auna wa wani da ƙauna, in ji ko ɗanɗanonsa daban ne. Na dafa, yara suka cinye, ni ko loma uku ban iya yi ba.

Sai ciwonki ya zo. Kwana goma sha ɗaya ina gefen gadonki a asibiti. Ni na yi miki wanka, ni na juya ki, ni na ba ki kunu a cokali. Zulai ta zo ta kwana biyu, kika matsa mata ta koma, wai kada ta wahala. Ranar da jikinki ya yi nauyi, kika kama hannuna kika jawo ni kusa. Na ce a raina yau Mama za ta faɗa mini wani abu nawa ni kaɗai. Na kai kunnena bakinki. Kika ce damina ta kusa, kada in bari kayan Zulai su yanke, in ƙara mata manja da wake. Daga nan ba ki sake wata doguwar magana ba sai kalmar shahada.

Wasiyyar da na samu ke nan, Mama. Shekara arba'in ina 'yarki, aike kika bar mini.

Ban aika ba. Wata na farko na ce ai muna cikin zaman makoki. Na biyu na ce kaya sun yi tsada. Na uku ban ma nemi dalili ba. Duk Talata ina jin ranar tana wucewa a jikina. Jira nake ta kira ta tambaya, don in samu bakin ce mata mai aikowar ta rasu. Ta kira sau da yawa, ta gaishe ni, ta tambayi yara, ta yi miki addu'a. Ba ta taɓa ambaton ko ƙwayar gishiri ba. Wannan shirun nata ya fi roƙo ƙona mini rai.

Tsakiyar damina na haɗu da Malam Lawal a bakin titin Kawo yana gyaran taya. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce mako biyar ke nan motarsa ba ta tsallake rafin Tudun Marke ba, ruwa ya cinye hanya. Ya ce mai teburin garin ma ya rufe. Ya tambaye ni ko na san ƙanwata ta yi nauyi, don ya hango ta a wancan ƙetaren tana tafiya da ƙyar.

Ban san tana da ciki ba, Mama. Ke kin sani. Shi ya sa kika ce a ƙara manja da wake. Bayan ɓari biyu da ta yi, kun ɓoye wannan tsakaninku, ni da ke ɗaukar kaya ba a ga ya kamata in sani ba. Na tsaya a bakin titi, haushi da tsoro suna kokawa a cikina. In wani abu ya sami cikin nan, me zan ce miki ranar da muka haɗu?

Washegari na shiga kasuwa, ba ranar ci ba ce, na saya da tsada, duk dokokinki na karya. Malam Lawal ya kai ni bakin rafi, maza suka ɗauki kayan a ka suka tsallaka, ni ma na tattare zane na shiga ruwa har ƙugu. Daga can babur ya ƙarasa da ni.

Na tafi da niyyar in tarar da ita cikin wahala, in yi kuka, in nemi gafara, in zama babbar yaya mai ceto. Ko wannan ban samu ba. Ta rame, ƙafafunta sun kumbura, mako uku tana miya ba mai, da toka take wanke kwanoni. Amma da ta buɗe mini ɗakin ajiyarta, sai na ga abin da ban zata ba. Ɗakinki ne, Mama. Buhuna a kan katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa su, wake da barkono a ciki, busasshen tumatir a rataye. Ashe duk abin da kike aikawa tana cire kaɗan ta ajiye saboda irin wannan rana. Ashe ta tara matan garin, suna haɗa abin da suka samu na gyaɗa da kaji, su ba Malam Lawal saƙo ya sayo musu buhu su raba. Abin da suka tanada tun bazara shi ya riƙe gidaje da yawa da hanya ta yanke.

Matan suka cika gidan suna yi mini gaisuwa. Matan da ba su taɓa ganinki ba sai sau ɗaya, suna cewa Mama ta ce kaza, Mama ta hana kaza. Wata tsohuwa tana koya mini yadda ake shanya sabulu. Ni, da na yanka shi da hannuna shekara takwas. Na yi ta murmushi har kumatuna suka gaji. Ni na bi ki kasuwa, amma ita ta gaje ki. Yaushe kika koya mata? A waya? Ko tun tana kwance a cinyarki?

Da muka keɓe na faɗa mata batun shinkafa da man gyaɗa. Ta yi dariya a hankali, ta ce ai ta sani tun ranar. Kullum kina cusa 'yar takarda a tsakiyar buhun, kin rubuta duk abin da ke ciki. Ta ce da kika kira kina tambaya, ce miki ta yi komai ya iso daidai. Ta rufa mini asiri shekara da shekaru, ba ta taɓa nuna mini a fuska ba. Kin ga ko a kirki ma ta fi ni.

Sannan ta faɗi abin da ya hana ni cin abincin da ta ajiye mini. Ta ce ba ki taɓa kiranta ba tare da kin yi maganata ba. Wai kina cewa duk Kawo ba mai ciniki kamar Yayarsu, wai da ba don ni ba da tuni kin kasa. Ta ce shekarar da aka riƙe albashin nan kin gani, kin yi kuka a waya, kin ce kina jin nauyin tambayata kada in ga kin raina mijina. Buhun masarar da Hajiya Talatu ta kawo mini a lokacin, ta ce wai kyauta ce daga gonar ƙaninta, ashe ke kika saya.

Ya kamata in ji sanyi, ko? Na ji, na ɗan lokaci. Amma a hanyar dawowa, ina cikin rafi ruwa yana jana, wani tunani ya zo mini. Yabona ma wurinta kika kai ajiya. Ita ta ji shi da muryarki, ni a bakin wata na ji. Me zai ragu a jikinki da kin juyo sau ɗaya a tsakar gidan nan kin ce mini sannu, kin iya?

Tun daga lokacin ban sake fashi ba. Duk ƙarshen wata kayanta suna tafiya, har da saƙon matan garin, ni nake yi musu cinikin. Ina cusa takarda a tsakiya. Ba na taɓa komai.

Ga labari na ƙarshe. Ranar Alhamis da ta wuce Zulai ta sauka lafiya, a asibitin Rigachikun, don na sa an kawo ta kusa tun kafin lokaci. Mace ta haifa. Kin san sau uku ina haihuwa ina roƙon Allah ya ba ni mace in sa mata sunanki, sau uku yana ba ni maza. Jiya Malam Sani ya kira ni, cikin ladabi, yana neman izinina a matsayina na babba. Sunanki za su sa. Na ce masa Allah ya raya, muryata ko rawa ba ta yi ba. Da na ajiye wayar na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Jibi ne suna. Na sayi atamfa da 'yan riguna, na sayi shinkafar taro. Zan je, zan karɓe ta a hannuna, zan kira ta Mamana a gaban kowa. Ina fata in na dube ta in so ta da zuciya ɗaya. In ban iya ba a ranar, zan ci gaba da zuwa har in iya.

Ki yafe mini, Mama. Ni ma ina ƙoƙarin yafe miki. Allah ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Na bar ki lafiya.

Ni ce, 'yarki ta fari,
Bilkisu