Ni Ce Na Sa Hannu

Port Adelaide, 9 ga Mayu, 1958

Ni, Maud Trethewey, matar marigayi Alun, ina rubuta wannan da hankalina garau, ba wanda ya tsaya a kaina. Likita ya ce zuciyar ta gaji, da wuya in ga ƙarshen sanyin bana. Ban yi masa gardama ba. Wanda ya ci shekara saba'in da ɗaya ba zai ce an yi masa rowa ba.

Zuwa gare ku 'ya'yana biyu da suka rage, Hedley da Rhoda. Na roƙi Fasto kada ya karanta muku sai kuna zaune a ɗaki ɗaya.

Na ɗaya. Gidan nan naku ne ku biyu. Kada a sayar da shi sai shekara ta zagayo. Itacen lemon da ke bayan gida a riƙa ba shi ruwa, ko da kuna gaba da juna.

Na biyu. Akwatin ƙarfe na ubanku, da takardun shari'ar da ke ciki, na Rhoda ne, tunda ita ke aiki a ofishin ƙungiyar ma'aikatan jirgin ruwa. Kuna ƙanana lokacin, bari in faɗa muku yadda aka yi. Ubanku mai zuba kwal ne a injin wani jirgi da ke yawo a gaɓar ƙasar nan, amma rajistarsa ta Ingila ce. A 1924 tukunyar injin ta fashe, ta kashe shi da wasu mutum biyu. Ƙungiya ta kai masu jirgin kotu, don sun saɓa wa dokar da majalisarmu ta yi. Na sa baƙar rigata na je na zauna kwana huɗu. A na ƙarshe alƙali ya cire tabarau ya dube ni.

"Uwargida, dokar da kuka dogara da ita majalisarmu ce ta yi ta, haka ne. Amma ta ci karo da wata da aka yi a London. Inda biyun suka yi karo, tamu ce ke faɗuwa."

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a London mijina ya ƙone ba."

Lauyanmu ya ja mini riga na zauna. Ranar na gane cewa muna da majalisa, muna da tuta, muna zaɓe, amma wuƙa da nama suna hannun mutanen da ba su taɓa ganin tekunmu ba.

Na uku. Tafiretata ta Bronwen ce, 'yar Hedley. Harafi ɗaya yana maƙalewa, ta yi haƙuri da shi. Da ita na koyi aikin da na ciyar da ku, har na samu gurbi a ofishin tsara dokoki a Canberra, na tafi da autana Clem. A can na yi aiki ƙarƙashin wani tsoho, Mista Quilty, mai yawan shan shayi da tsokana.

Tun 1931 majalisar London ta yi doka cewa ƙasashe irin tamu su yi dokokinsu da kansu, ba za a ƙara soke su don sun saɓa wa na Ingila ba. Kanada ta shiga nan take. Mu kuwa aka ce sai majalisarmu ta amince, muka jefa takardar a aljihun tebur shekara goma sha ɗaya. Wata rana na ce wa Mista Quilty, "Yallaɓai, an buɗe mana ƙofa, me muke jira?"

Ya yi dariya ya ce, "Maud, ke ba ki san daɗin samun wanda za a ɗora wa laifi ba? Muddin London ce ke da maganar ƙarshe, kowane ɗan siyasa na iya ɗaga kafaɗa ya ce ba shi ba ne. Ranar da muka karɓa, in tuwo ya ƙone mu muka ƙona."

Sai da yaƙi ya iso bakin ƙofarmu aka karɓa, a watan Oktoba na 1942. Ina cikin waɗanda suka buga daftarin. 'Yar gajeriyar doka ce, amma sau uku ina cire takarda ina sa wata. Shekara goma sha takwas ina jiran ranar, na zaci zan yi guɗa. Sai ga shi tun watan Fabrairu, da Singapore ta faɗa hannun Japanawa, ba mu da labarin Clem, wanda ke aikin soja a can.

Rhoda, kada ki ɗauka aikin ya ƙare. Dokokin jihohi har yanzu suna ƙarƙashin tsohon tsari, kuma ana ɗaukaka ƙara zuwa London. Ku za ku ƙarasa.

Na huɗu. Hoton Sarkin Ingila da ke bayan kabad na Hedley ne. Ya yi shekara shida a jirgin yaƙi ƙarƙashin rantsuwar da ya yi wa mutumin nan, ya binne abokansa a teku. Ba zan raina masa wannan ba, ke ma kada ki raina.

Na biyar. Wannan ne dalilin rubutun, sauran duk share fage ne.

Kun tuna ranar Lahadin nan a 1945, bayan na dawo gida, da wasiƙa ta zo cewa Clem ya rasu tun shekara biyu baya a sansanin fursunoni. Muna kan tebur da rana. Rhoda ta tashi ta fizge hoton Sarkin daga bango.

"Sun yar da shi a Singapore kamar tsohon takalmi!" in ji ta.

Hedley ya ce, "Mayar da hoton nan, Rhoda."

"Ba zan mayar ba, Yaya. Kai da Sarkinka kuka kashe shi. Yaro ɗan shekara goma sha tara, wa ya sa masa hannu a takardar shiga soja in ba kai ba?"

Hedley ya dube ni. Ni kuwa na dubi farantina. Sannan ya ce, "E, ni ne." Ya ɗauki hularsa ya fita. Shekara goma sha uku ke nan ba ku gaisa ba.

Rhoda, ba shi ba ne. Ni ce na sa hannu.

Hedley ma wasiƙa ya aiko wa Clem daga jirgi yana cewa, "Zauna ka kula da Mama, yaƙi ba wasan ƙwallon kurket ba ne." Tana cikin Littafi Mai Tsarki nawa, ki karanta. Clem ya bi ni kwana uku yana roƙo. Ya ce, "Mama, in ba ki sa ba zan tafi Sydney in ƙara wa kaina shekara biyu." Zan iya cewa wannan ne ya tilasta mini, amma ba zan yi ƙarya a bakin kabari ba. Na dube shi tsaye, faɗin kafaɗarsa irin na ubansa, na ji alfahari, na ɗauki alƙalami. Ba Sarki ya kama hannuna ba, ba London ba, ba yayanki ba.

Ni da na yi rabin rayuwata ina cewa ƙasa ta ɗauki nauyin abin da ta yi da hannunta, na kasa ɗaukar nawa. Na ji tsoron idonki. Na bar ɗana ya ɗauki kayana, shi kuma bai taɓa buɗe baki ba, ko ga matarsa.

Hedley, ka yafe mini. Na sauke maka wannan kaya, kada ka ƙara ɗaukarsa saboda kowa.

Na shida. A binne ni kusa da ubanku. A rubuta sunan Clem a kan dutsen, tunda ba mu san inda yake kwance ba. Kada a sa wa'azi ya yi tsawo, mutane na da aiki. In an dawo daga maƙabarta, a gasa cinyar rago da dankali, a tara jikokina duka. Yaran nan 'yan uwan juna ne, amma suna wuce juna a titi ba su sani ba.

Allah ya yi muku albarka, ku da zuriyarku. Ya tsare masu tafiya a teku, ya ba ƙasar nan shugabannin da ba sa ɓuya a bayan kowa. Ku riƙe juna, don ba ku da wasu. In kun ga dama ku yi fushi da ni, na cancanta, kuma wanda ke kabari magana ba ta yi masa zafi. Amma ku yi fushin tare, a kan tebur ɗaya.

Uwarku,
Maud Trethewey