Jar Ƙasa a Gonar Kawu

Illela, daren Talata, tsakiyar damina

Ruwan yau ya fasa madatsar da munka yi a bakin ramin da muke haƙar tama, dutsen ƙarfe. Jar ƙasar da munka tara ta kwarare, ta binne geron Kawu Isa.

Na iske shi tsaye cikin laka. Bai yi faɗa ba, ya ce, "Ɗana, mi za mu ci bana?"

Na roƙi Hakimi a bar haƙa mu yi magudana. Ya ce Nasara na jiran ƙarfe, gobe in koma rami. In na tsere Kwanni, ƙetaren iyaka, can ma Faransawa na kamun mutane aikin dole.

Hadari ya sake haɗowa gabas, ga rijiyar gari a gangaren gonar Kawu, inda laka za ta bi.