Na Saka Makullinki a Kwando

Zuwa ga Hajiya Binta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke sanyin Alƙahira ya kama. Karo na uku ke nan ba ke.

An ce Wustul Balad, wato tsakiyar birni, ta cika da fitilun sabuwar shekara. Ban gani ba. Rabona da sauka daga hawa na biyar tun Oktoba, gwiwoyi sun ƙi. Kwandonki mai igiya shi ne kasuwata. Kowace safiya nakan zura shi ta baranda, Am Sayyid mai burodi ya sa mini burodi da wake, in jawo.

Kin san Umm Mina, maƙwabciyarmu Kirista da barandarta ke kallon tamu. Ba mu taɓa yin zancen ba, amma na lura ba ta rufe tagarta sai ta ga kwandon ya sauka. Jiya ta ce mini za ta ƙauyensu bikin Kirsimetinsu na bakwai ga Janairu, sai bayan kwana goma. Na yi mata fatan alheri da fara'a. Na koma ciki na zauna.

Binta, tsoro nake ji. Mutuwa kam na yarda da ita. Tsorona in faɗi a ɗakin nan, kowa ya kulle taga saboda sanyi, a yi kwana uku, kwana huɗu, sai wari ya sanar da mutane. Ni da na yi shekaru ina yi wa 'yan'uwanmu wankan gawa a garin nan, na san yadda irin wannan gawa take. Shekaranjiya igiya ta kuɓuce mini. Ba don kin ƙulle bakinta a ƙarfen baranda ba, da shi ke nan.

Kin tuna yadda benen gabanmu ke tare mana rana a wannan wata? Kullum bayan azahar sai kin leƙa ƙarfen. Ranar da haske ya taɓa shi ki ce, "Malam, mun haye," ki dama kunun gyada ki raba wa maƙwabta. Ina yi miki dariya, wai mai bikin rana. Yanzu ni ke leƙawa. Magariba ta fara jinkiri kaɗan-kaɗan, amma ƙarfen har yau a inuwa yake.

Kin san halina da makulli. Shekara arba'in ban ba wa baƙo ba. Naki, mai jan zare, yana nan a ƙusa inda kika rataye shi, ban taɓa shi ba. Yau da safe na ciro shi, na sa a kwando da 'yar takarda zuwa ga Am Sayyid: in an kira azahar bai ga kwando ba, ya hawo ya buɗe ƙofa. Am Sayyid ya karanta, ya ɗago kai ya daɗe yana kallona, ya dafa ƙirji.

Kwandon ya dawo da burodi, ba makulli. Ƙusar ta zama fayau. Ki yafe mini, Binta, ba ni da wanda zan aika sai ke.

Allah Ya haskaka kabarinki. Ya nuna mini rana a ƙarfen nan ko sau ɗaya. In kuwa ban kai ba, Ya sa a same ni kafin la'asar.

Mijinki,
Malam Habibu, unguwar Faisal, Alƙahira